Rariyar tsakiya ko kwata a bakin ƙofa: wacce ta dace da garejin kankare?

Malam, ka ce za ka zuba kankare a garejin gidanka da ke Unguwar Dosa, birkila yana cewa a sa rariya ɗaya a tsakiyar daɓe, filamba kuma yana cewa a yi doguwar kwata mai murfin ƙarfe a bakin ƙofa. Ni dai a garin nan na Kaduna ina bayan filamba.

Abin dubawa shi ne inda ruwan zai fito. Ruwan wankin mota ba wani abu ba ne a kan ruwan Agusta da Satumba, wanda ke gangarowa daga tsakar gida ya nemi shiga ta ƙarƙashin ƙofa, ɗauke da jar ƙasa da yashi. Rariyar tsakiya sai ruwa ya shigo ya malale daɓen kafin ya iso gare ta. Kwata kuwa tun daga bakin ƙofa take tare shi.

Sai batun gangare, wanda a nan ne yawancin aiki ke lalacewa. Rariyar tsakiya tana son daɓe ya karkato mata ta ɓangare huɗu kamar kwano, kuma ba kowane birkila ne ke iya fitar da wannan daidai ba. Kuskure kaɗan, sai ka ga ruwa ya kwanta a lungu, rariya na gefe a bushe, sauro ya samu wurin ƙwai. Kwata gangare ɗaya take buƙata, daga bangon baya zuwa ƙofa, santimita 1 zuwa 2 a kowace mita. Idan garejin mita 6 ne, baya ya ɗara bakin ƙofa da santimita 6 zuwa 12. Da igiya da ma'auni ana fitar da shi.

Wajen kuɗi rariya ta fi sauƙi, wannan ba gardama. Idan garejinka a kan tudu yake, ruwan waje ba ya kusantarsa, to ta wadatar. Sai dai kar a sa maka irin ta banɗaki mai bututun inci 2, laka za ta toshe ta a damina ɗaya. A sa bututun PVC mai inci 4, da ɗan rami a ƙarƙashin murfi inda yashi zai taru a riƙa kwashewa. Ita kwata murfinta kawai za ka ɗaga ka share da tsintsiya.

Murfin kwatar ne ke son kulawa, tunda taya na taka shi kullum. In na kanti za ka saya, duba alamar nauyi: A15 na masu tafiya a ƙafa ne, B125 shi ne na mota. In kuma masu walda na Panteka za su haɗa maka, ka ce su yi da ƙarfe mai kauri, gunduwa-gunduwa yadda mutum ɗaya zai iya ɗagawa, a shafa fentin hana tsatsa. Idan ƙofar na fuskantar titi, a ɗaure murfin da sarƙa ko a sa masa hinji, don 'yan bola jari ba sa barin ƙarfe a waje.

Kowacce ka zaɓa, don Allah kar a haɗa bututunta da ramin masai. Baƙin mai da fetur na cutar da aikin ramin, sannan lokacin hunturu ruwan da ke tare wari a gwiwar bututu yakan ƙafe, wari da kyankyasai su dawo maka cikin gareji. A kai bututun kwatar unguwa ko wani rami nasa daban, nesa da rijiya, kuma a daina juye man inji a ciki. Sannan a shimfiɗa bututun, a zuba ruwa a ga yana tafiya, tun kafin a kwaɓa siminti.