Kafin ka sa esi a sabon gidan nan, Yaya

Salamu alaikum Yaya, da fatan kowa lafiya, ya jikin Hajiya, ya yara da makaranta. Naga hotunan ginin da ka turo, masha Allah har an kai linta, Allah ya sa a shiga a sa'a. Maganar da kayi rannan ce ta tsaya min a rai, da kace ai ni na huta tunda inda nake ba zafi kuma ba'a ɗauke wuta, sannan kace in duba maka kuɗin esi guda uku. To bari in baka labarin yadda abin yake a nan Leeds ta ƙasar Ingila, saboda wallahi bana so kayi kuskuren da zai dinga cin aljihunka duk wata.

Gaskiya ne ba'a ɗauke wuta, tunda nazo ban taɓa jin yaran unguwa sunyi ihun an kawo ba. Amma fa a nan kai ne kake ɗauke wa kanka wutar da hannunka. Kusan kowane gida akwai boila a kicin, gas ne ke zuwa mata ta bututu daga ƙarƙashin ƙasa ba tukunya ba, ita ke dafa ruwa, ruwan ya zagaya ta cikin wasu faffaɗan ƙarfe da ke manne a bangon kowane ɗaki, radiyeta ake ce musu, su ne ke ɗumama gidan. Sannan akwai wani ɗan allo da ke haɗe da mita, namu yana kan kanta kusa da butar shayi, yana nuna maka kuɗin da ka ci yau fam nawa kwabo nawa, kana kunna boilar nan zakaga lambobin sun fara gudu a gaban idonka. Kuma ko kayi tafiya ka kulle gida baka kunna komai ba akwai kuɗin da suke cira kullum na jona ka da akayi kawai, na wuta da na gas in ka haɗa ya kusa fam ɗaya a rana.

Sanyin Janairu a nan ba irin hunturunmu bane da hantsi na yi an cire rigar sanyi. Asuba zaka tashi ƙafarka na taɓa ƙasa kaji har cikin ƙashi, kana magana tururi na fita a bakinka a cikin ɗaki fa, gilashin taga na tsiyayar ruwa, wajen ƙarfe huɗu na yamma kuma anyi magariba. Tsarinmu ni da Maman yara shine mu kunna awa ɗaya kafin yara su tashi, suna fita makaranta a kashe, ita ta yini da suwaita biyu da safa da bargo a falo, sai sun dawo a sake kunnawa zuwa bayan isha'i. Farkon zuwana na sayi ƴar hita ta lantarki ina ganin zata fi sauƙi tunda ƙarama ce, ashe yunit ɗin lantarki a nan ya ninka na gas wajen sau huɗu, bil ɗin watan ne ya faɗa min.

Sai 2022, Rasha ta shiga Yukren kuɗin gas yayi sama. Kafin nan, ƙarshen 2021, lissafin Ofgem, hukumar da ke kula da farashin wuta da gas a nan, na matsakaicin gida fam 1,277 ne a shekara, watan Afrilu ya koma 1,971, zuwa Oktoba sai da gwamnati ta shiga tsakani ta tsayar dashi a 2,500 ta kuma rage wa kowane gida fam 400 a lokacin sanyin. Turawan kansu tsofaffi suna tafiya laburare da coci su yini don kawai su samu ɗumi, masallatai ma wasu sun buɗe ƙofa saboda haka.

A shekarar ne muka matse sosai, kuma nan ne nake so ka saurare ni da kyau. Mun toshe ko'ina, bama buɗe taga ko kaɗan, wanki a cikin ɗaki muke shanyawa tunda waje ba rana, boila kuma sai sanyi ya kai mu bango. Wata rana na ja wadirob ɗin ɗakin yara zan ɗauko wani abu da ya faɗa baya, naga bangon yayi baƙi ƙirin da fumfuna tun daga ƙasa har kusan tsayin ƙirjina, ga ƙaramar tamu ta kwana biyu tana tarin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. A lokacin ne kuma ake ta labarin wani yaro ɗan shekara 2 a Rochdale da bincike ya tabbatar fumfunar gidansu ce tayi ajalinsa. Jikina yayi sanyi wallahi. Mai gidan sai da muka sha bin sa kafin ya turo a duba, likita kuma yace mana kar ɗakin da ake zaune ya gaza digiri 18, kuma a dinga buɗe taga ko na minti goma ne kullum duk sanyi. Tun daga ranar na daina ƙyashin kunnawa a ɗakin yara, gara in rage wani abin. Wannan ya tuna min, dan Allah in hunturu ya shigo kar a bar Hajiya ta kwana da kaskon garwashi ƙofa a rufe, hayaƙinsa baya wari amma yana kisa, a nan doka ce mai gidan haya sai ya sa ƙararrawar da ke gano shi a inda boila take.

Zafi kuma? Yulin 2022 ɗin dai aka haura digiri 40 karon farko a tarihin ƙasar. Zakace ai wannan abincinmu ne a Afrilu, to amma gidajen nan an gina su ne su riƙe zafi, yawancinsu ba esi, fanka ta ƙare a shaguna, rana bata faɗuwa sai bayan tara na dare kuma ba tsakar gidan da zaka yayyafa wa ruwa ka shimfiɗa tabarma. Daren nan ba abin da nake tunawa sai randar Hajiya da ke gindin bedi.

Abin da na fahimta a zaman nan, ginin ne ke yanke maka bil kafin ka kunna komai. A nan kafin a baka haya dole a nuna maka takardar da ke auna yadda gida ke riƙe ɗumi, daga A zuwa G. Gidanmu na farko tsohon jan bulo ne can ƙasa a jerin, da muka koma mai C, taga gilashi biyu da iska a tsakani, saman silin an shimfiɗa wani abu mai kauri kamar auduga, sai gashi awa ɗaya in ka kunna ɗumin na kai ka har dare. Kuma abin da ke hana ɗumi fita shi dai ne ke hana zafi shiga. Ka tuna soron Baba Tsoho a cikin gari wajen Ƙofar Sauri, katangar ƙasa mai kauri da rufin azara, tsakar rana a bazara ka shiga kaji kamar ka shiga rijiya, da hunturu kuma ko bargo ba kowa ke nema ba? Su basu da mita amma sun san abin da turawan nan ke biyan injiniya ya auna musu. Mu kuma muka koma bulo inci shida da kwano a kusa da kai, sai mu dawo muna neman injin da zai gyara mana.

Ka lissafa da kanka. Tun Afrilun 2024 da aka kai ƴan Band A, wato layukan da aka ce za'a dinga basu wuta awa 20 a rana, naira 225 a yunit, duk da an ɗan rage daga baya bai sauka ƙasa da 200 ba, esi mai doki ɗaya da rabi kuma yana cin sama da yunit ɗaya a awa in yana aiki sosai, awa takwas na dare kenan ya tasar wa naira 2,000, guda uku a wata kana maganar wajen 180,000, wannan in akwai wutar ma kenan, in janareta ne kuwa kai ka fini sanin yadda fetur ya koma tunda aka cire tallafi a Mayun 2023.

Ni dai shawarata tunda ba'a ɗora rufi ba, a ƙara layi biyu ko uku na bulo ginin ya tashi, a bar ƙofofin iska a ƙarƙashin kwano da raga saboda zafin da ke taruwa a sama ya samu hanyar fita, a sa abin tare zafin nan a saman silin ko da na ɗakunan kwana ne kawai, tagogi su kalli juna, bangon yamma da rana ke duka daga azahar a yi mishi baranda a dasa bedi biyu tun daminar nan, fenti kuma fari. Ƴar sola da zata riƙe fankoki da firij ta fi maka esi biyun can amfani. Guda ɗayan kam a saya, a sa a ɗakin Hajiya, da shekarunta da hawan jininta zafin azumi ba abin da zamu yi mata tsimi a kai bane, kuma wannan ni zan ɗauka, har kuɗin wutarsa.

Gobe in kaje wajen ginin ka tsaya da la'asar ka ɗauko min hoton bangon yamma, kuma kace wa magini ya dakata da maganar katako sai mun yi waya ranar Juma'a. A gaida Hajiya da kyau, kace mata jikokinta na tambayar ƙuli-ƙuli.