Babban Nikobar: Sansanin Soja ko Kunkurun Teku?

Tun da Indiya ta amince a 2022 da gina tashar jiragen ruwa da filin jirgin sama na soja da farar hula a tsibirinta na Babban Nikobar da ke Tekun Indiya, ake ta tambayata wanne ya fi: ginin ko barin dajin tsibirin yadda yake.

Ta fuskar tsaro, tsibirin yana dab da mashigin Malaka, hanyar ruwan da yawancin man fetur ɗin da Sin ke sayowa daga waje ke bi. Sai dai a ƙiyasin farko aikin zai lashe kusan rupi biliyan 720, a wurin da tsunamin 2004 ya ɗaiɗaita. Kare namun daji bai kai haka tsada ba. A gaɓar Galathea, inda za a gina tashar, manyan kunkuran teku ke tona yashi da dare su zuba ƙwai, kuma in siminti ya rufe yashin nan, shi ke nan.

Ginin ya dace da hafsoshin Indiya da Sin ta hana barci. Barin dajin kuwa ya fi wa 'yan ƙabilar Shompen, mazauna tsibirin da abincinsu ke cikin dajin.