Finafinan ɗaliban lise a memori: sun ci kuɗinsu, amma ina 'yan matanmu?

A unguwar Yelwa, nan Garwa a arewacin Kamaru, akwai wani yaro mai tura finafinai a waya, tebur ɗaya da kwamfuta da lema. Ban da na Kano da na Indiya da kowa ke turawa, ya tara gajerun finafinan da ɗaliban lise, wato makarantar sakandare, suke yi, yawancinsu a makon bikin matasa na 11 ga Fabrairu, ya zuba su wuri guda. Dala ɗari na ba shi ya cika mini memori. Ni ɗinki nake yi, don haka tare da 'yan matan da ke koyo a shagona muka kalla.

Aikin yaron ba laifi. Ya tura da sauri, bai sa mini ƙwayar cuta a waya ba, kuma kafin ya karɓi kuɗi sai da ya ce, "Hajiya, wasu sautinsu bai fita sosai fa." Gaskiya ya faɗa. Ƙarar 'yan moto da iska sun cinye magana a wurare da yawa. Abin da ya rage masa shi ne tsari, domin bai rubuta wace makaranta ko wace shekara ba, lambobi kawai. Duk da haka aikinsa yana da amfani. Tun 2009 aka rufe gidajen sinima na ƙarshe a Kamaru, sababbin da aka buɗe daga 2016 kuma a can Yawunde da Duwala aka yi su. Yaro a arewa in ya yi fim, wayar mutane ce sinimarsa.

Inda yaran suka burge ni shi ne ɓangaren samari. Sun san junansu sarai. Ga 'yan bencin baya masu tsallake katanga in mai tsaron ɗa'a ya juya. Ga 'yan ƙwallo da ba su da zance sai ƙungiyar garinmu, Coton Sport. Ga mahardatan darasi masu karatu ƙarƙashin fitilar titi saboda probatuwar, jarrabawar shiga ajin ƙarshe na lise. Ga ɗan mai kuɗi da ake saukewa a mota, abokansa na binsa don sanwic. Har yadda bakinsu ke sauyawa sun kama: Faransanci a aji, Fillanci a filin makaranta, Hausa in an koma unguwa. Akwai wani ɗan fim da yaro ke tuƙa moton yayansa da dare don ya biya kuɗin rajistar jarrabawa, yana gyangyaɗi a aji, malami yana zaginsa da ragwanci. Wannan ya taɓa ni ƙwarai, don na san irinsa a layinmu.

To amma da kamara ta juyo kan 'yan mata sai idon ya rufe. Iri uku kawai na gani, fim bayan fim. Akwai 'yar gayu mai babbar waya wadda wani alhaji ke ɗauka a bakin makaranta, ƙarshenta ciki ko ciwo. Akwai mai kunya da ake cirewa daga aji a yi mata aure, aikinta kuka daga farko har ƙarshe. Sai ƙawa mai gulma da hure kunne. Namiji in ya yi kuskure ana ba shi dalili, talauci ko maraici, har ya gyaru. Mace in ta yi kuskure kwaɗayi ne kawai, kuma dole ta wulaƙanta kafin fim ya ƙare.

Auren dole gaskiya ne a yankinmu, ba na cewa a daina nuna shi. Dokar hukunta laifuffuka ta 2016, sashe na 356, ta tanadi ɗauri ga wanda ya tilasta aure ko ya aurar da wanda bai kai shekara 18 ba. Sai dai a finafinan nan ba yarinya ɗaya da ta san da dokar, ba wadda ta kai kuka wurin gwaggonta ko malamarta ko liman. Kullum wani saurayi ɗan ajinsu ne ke zuwa ceto. Alhali ni na ga gwaggonni da suka tsaya da ƙafarsu har aka fasa.

Ɗaya daga cikin yarana, wadda take zuwa ɗinki bayan an tashi daga lise, ta ce, "Anti, a ajinmu mace ce ta ɗaya a lissafi, amma ko sau ɗaya ba a sa irinta." Ita ce ta nuna mini sunayen da ke wucewa a ƙarshe. Mai rubuta labari namiji, mai ɗauka namiji, mai haɗa hoto namiji. Matan suna wurin kwalliya da fitowa kawai. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: ɗaukar fim yakan kai bayan magariba, iyaye kuwa ba sa barin 'ya mace a waje a lokacin, kwamfutar haɗawa ma tana ɗakin wani saurayi inda ba za ta shiga ba. Samarin sai su cike gurbin da abin da suka saba gani a finafinan manya. Malaman da ke kula da ƙungiyoyin wasan kwaikwayo za su iya gyara wannan in suka mayar da aikin cikin makaranta da rana.

Guda ɗaya ne ya fita daban, kuma sunan mace ne a wurin rubutu. 'Yan mata biyu suna sayar da ƙanƙarar zoɓo a zafin Afrilu, suna gardama kan wadda za ta riƙe kuɗin. Ba saurayi, ba alhaji, ba wanda ya mutu. Yarana sun mayar da shi baya sun sake kallo.

Ina ba iyaye shawara su saya, su kalla tare da 'ya'yansu. A je da memori mai fili, a kuma tanadi abin sawa a kunne saboda sautin.