Jirgin rimot mai gangar kabon: wace risiba za ka saya, ta ina eriyarta za ta leƙo?

Kabon, wato zaren carbon fibre da ake ƙera gangar jikin jirgi da shi, ya shiga ran masu ƙananan jiragen sama na rimot saboda ƙarfinsa da rashin nauyi. Sai dai lantarki na bi ta cikinsa, don haka sigina ba ta ratsa shi. Ka sa risiba, wato na'urar da ke karɓar umarnin rimot a cikin jirgi, da eriyarta a gangar kabon ka rufe, tamkar ka jefa rediyo cikin akwatin ƙarfe ne. A kan teburi komai zai amsa, tunda rimot na kusa. Sai jirgi ya lula sama ya juya maka ciki, a nan za ka gane kurenka. Saboda haka kafin ka tambayi sunan kamfani, fara tambayar kanka ta ina bakin eriya zai ga sarari.

Abin da sababbin shiga ba su cika lura da shi ba: a risibar 2.4 GHz, ba duk wayar nan ba ce eriya. Mafi yawanta kebul ne mai rigar kariya da ke kai sigina ciki. Eriyar ita ce ɗan tsiraran bakin da ke ƙarshe, kimanin milimita 31, wato rubu'in tsawon igiyar sigina guda a wannan mitar, wanda bai wuce santimita 12.5 ba. Wannan ɗan guntun ne ake son ya fita waje gaba ɗayansa, a miƙe, ba kwance a jikin kabon ba.

Idan ba ka riga ka sayi jirgin ba, hanya mafi sauƙi ita ce ganga mai hancin Kevlar (wani zaren roba mai ƙarfi) ko zaren gilas, waɗanda sigina ke ratsawa. Da yawa daga masu ƙera jiragen gasa marasa inji ko masu ƙaramin inji, irin ajin F3K da F5J, suna yin haka da gangan don eriya ta zauna a ciki. Babu huji, babu abin da iska za ta kama. Amma ka haska tocila ta cikin hancin ka gani da idonka, domin wasu kan shimfiɗa siraran zaren kabon a ciki don ƙarin ƙarfi. Kuma batir da moto da sandunan kabon su ma suna yi wa eriya inuwa, ballantana fiffiken kabon da ke bisa kanta.

In kuwa gangar kabon ce daga hanci har wutsiya, nemi risiba mai eriya biyu masu dogon kebul. Ni nan na fi karkata. Kamfanonin FrSky da Futaba da Jeti duk suna da irinsu, Spektrum ma ya fitar da wasu musamman don gangar kabon. Za ka huda ƙananan ramuka biyu ka fito da bakunan kamar gashin bakin kyanwa, da kusurwar digiri 90 a tsakaninsu. Dalili shi ne eriya kurma ce ta saitin tsininta. Idan ɗaya ta nuna ka kai tsaye, ɗayar ce za ta ji. Kada kuma su fito gefe guda, in ba haka ba ganga za ta tare su tare a kwana ɗaya.

Na taɓa yin ganganci a nan. Na fito da kebul ta huji ban goge gefen ba, ban sa masa komai ba. Bayan 'yan makonni jirgi ya fara rasa sigina na ƙiftawar ido duk lokacin da na karkata shi hagu. Da na duba da gilashin ƙara girma, ashe kaifin kabon ya ci rigar kebul har azurfar ciki ta bayyana. Tun daga ranar sai na zura ɗan bututun roba mai laushi a hujin, ya leƙo waje kaɗan ya riƙe bakin eriya a tsaye. Shi ya sa wajen saye nake fifita risibar da ake cire eriyarta ta ɗan maɓallin U.FL a kan wadda aka like da dalma. Maɓallin dai ba ya son yawan cirewa da mayarwa. Kuma kada kwaɗayin tsawo ya ja ka: siririn kebul yana shan sigina, ɗauki wanda zai kai hujin kawai.

Ƙaramar risiba ta biyu da ake haɗawa da babbar tana da amfani a manyan jirage, inda za a iya ajiye ta nesa, a wurin da babu kabon. A siririyar ganga kuwa ba ta da masauki.

Sai masu cewa a koma 900 MHz, wato 868 a Turai, 915 a Amurka, da na'urori irin su TBS Crossfire ko ExpressLRS. Gaskiya suna cin dogon zango, amma kabon bai san wannan ba, yana tare su su ma. Ga eriyar ta fi girma, kowane ɗaya daga hannuwanta biyu ya kai kimanin santimita 8, dole ta zauna a waje tana jan iska. Ka kuma tabbata mitar da za ka saya halal ce a dokar ƙasarka.

Kowacce ka zaɓa, kada ka yarda da wadda ba ta aiko da rahoton ƙarfin sigina zuwa rimot. Da shi za ka yi gwajin zango: ka sa rimot a yanayin rage ƙarfi, ka ja baya taku 30 ko abin da littafinsa ya ce, wani ya ɗaga jirgin yana juya shi, hanci, wutsiya, ciki, baya, moto a kashe sannan a kunne. Inda lambar ta faɗi ƙasa, nan inuwar take, sai ka matsar da hujin.