Kuɗin goron da direba ya mayar min a hanyar Afisa

Jama'a barkanmu da war haka. Tun da Mama ta koma gida ake ta kirana, wai da gaske ne na kai ta ƙasa mai tsarki? To ba Urushalima muka je ba, nan Turkiyya ne inda nake neman abinci, shekarata shida kenan a Istanbul ina aikin kago, mu ne masu ɗaure dilolin abaya da takalma da ake saukewa a Kano. Ni kaina sai da na daɗe a nan kafin na gane cewa ikilisiyoyi bakwai ɗin nan da muke karantawa a Wahayin Yahaya sura 2 da 3, wato Afisa da Samirna da Birgamas da Tayatira da Sardisu da Filadelfiya da Lawudikiya, duk a yammacin ƙasar nan suke, cikin kwana huɗu a mota ka zagaye su tas.

Mama kuwa kun san labarinta, shekara nawa tana kai hoto da fom don neman kujerar ziyarar Urushalima ana ce mata sunanta ya shiga, sai tafiya ta zo ka ga kujerar ta koma hannun wanda ya je sau uku saboda yana da uwa a gindin murhu. Shi ya sa na yi ta tari na ce in ma Urushalima ba ta samu ba, sai ta taka inda Manzo Bulus ya taka. Wahalar biza ba sai na faɗa muku ba.

A intanet na biya wani kamfanin ziyara, suka turo fom suna tambayar shekaru da ciwo da abincin da mutum ba ya ci, na rubuta shekara 71, ciwon gwiwa, na tura ba tare da na sa a raina wani zai karanta ba. Suka kuma turo takarda shafi biyu, ƙarfe kaza mota za ta tashi, wannan yana cikin kuɗinka, wannan ba ya ciki. Muka hau jirgi zuwa Izmir, tafiyar kamar awa ɗaya, ita ce Samirna ta dā inda aka kashe dattijo Bishop Folikaf don ya ƙi musun Ubangijinsa.

Washegari tun kafin bakwai da rabi na sauko ƙofar otal na tarar da direba yana goge gilashi, dattijo ne mai furfura a gashin baki. Na naɗe 'yan lirori, wato kuɗin Turkiyya, a tafin hannu na miƙa masa kamar gaisuwa, na ce da ɗan Turkancin da na iya, dan Allah kujerar gaba saboda mahaifiyata. Mutumin nan ya buɗe hannunsa ya kalli kuɗin, ya kalle ni, sai ya kama hannuna ya mayar min ya naɗe yatsuna a kai, bai ce uffan ba ya ja ni cikin mota. Kujerar farko ta dama an manna takarda, sunan Mama ne a jiki. A bakin ƙofa kuma ga wani ɗan benci na roba da ya ajiye don takawa. Matar da ke mana jagora ta zo ta ce ai kai ka rubuta gwiwarta na ciwo, tun jiya aka ware mata. Duk wannan a gaban mutane, 'yan Koriya da 'yan Burazil suna tsaye da jakunkunansu suna kallo. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Mama ta ga komai, da muka zauna ta yi ƙasa da murya ta ce, "Haba ɗana, a hanyar ibada?"

Maganar nan har yau ba ta bar ni ba. Ba wanda ya roƙe ni, ba wanda ya nuna min alamar yana so, hannuna ne da kansa ya tafi aljihu, bayan shekara shida a ƙasar nan. Ai haka muka taso, a tasha sai ka ba kamasho wani abu kafin tsohuwa ta samu gefen taga, a asibiti sai ka san wani kafin a nemo katinka, duk fom ɗin da ka cike ka san a ƙasan tebur zai ƙare. Kuma kada mu ce halin wasu ne, mu masu zuwa sujada ranar Lahadi muna ciki dumu-dumu. Wa bai taɓa zuwa babban taro a motar ikilisiya ba? An ce ƙarfe shida, ƙarfe goma ana jiran matar wani babba, in ta zo kuma tsohuwar da ta iso tun asuba ita za a tasa daga gaba a mayar baya kan buhun shinkafa. A nan bakwai da rabi daidai aka rufe ƙofa, kuma duk inda muka tsaya, kwana huɗu cur, dattijon nan shi zai fara sauka ya ajiye bencin ya miƙa wa Mama hannu yana cewa anne, wato uwa. Ko sau ɗaya bai manta ba.

Afisa ita ce ta fi taɓa ni. Jagorarmu Musulma ce, da katin lasisi rataye a wuya domin a nan ba kowa ke tashi ya ce shi jagora ne ba sai ya yi karatun ya ci jarabawa. Ta shigar da mu ta ƙofar sama don mu riƙa gangarowa, direba ya zagaya ya jira mu a ta ƙasa, ta kuma gargaɗe mu cewa dutsen marmaran titin yana da santsi, ta riƙe Mama a duk inda ya fi gangara. Muka wuce gaban ɗakin karatun Selsus mai hawa biyu, muka iso babban dandalin nan da ke ɗaukar mutum wajen dubu 25. Nan ta ce wa zai karanta mana Ayyukan Manzanni sura 19, labarin Dimitiriyas maƙerin azurfa da ya ga wa'azin Bulus zai kashe masa kasuwar gumaka ya tara jama'a suka yi ta ihu wajen awa biyu suna yabon allahiyarsu Artimas. Mama ta zaro nata Littafi Mai Tsarki na Hausa wanda bangonsa ya sha ɗinki, ta karanta da ƙarfi, ba mai jin Hausa sai ni amma kowa ya yi tsit, muryarta na rawa. Ita kuma jagorar ta ja baya ta ba mu wuri mu yi addu'a, ba ta duba agogo ba. Haikalin Artimas ɗin da aka yi wa ihun, da muka je ginshiƙi ɗaya tak ya rage a tsakiyar fadama, shamuwa ta yi sheƙa a kansa. Mama ta daɗe tana kallon tsuntsuwar nan, ta ce yanzu a gida an fara sharar gona.

A kan dutse kusa da nan akwai ɗan gidan da ake cewa Maryamu uwar Yesu ta zauna a ƙarshen rayuwarta, Fafaroma uku sun je wurin, a 1967 da 1979 da 2006. Mun tarar da mata Turkawa da ɗankwali a layi ɗaya da mu, su ma Maryam suka zo girmamawa, wata ta matsa ta ba Mama gefen inuwa. Mu da muka fito daga Kaduna kun san abin da wannan ke nufi a zuciya, ba sai na ja zancen ba.

Amma kada ku ɗauka komai zuma ne. Kuɗin shiga da yuro ake yanka wa baƙo, lokacin da muka je Afisa kaɗai yuro 40 ne kowane kai, ɗan ƙasa kuwa da katinsa na shekara abu kaɗan yake biya. Bayan gida ma a wurare da yawa sai ka biya, gara dai yana da tsabta da ruwa da sabulu. Abin da ya fi ɓata min rai, a takarda sun rubuta wai ziyarar sana'ar gargajiya, ashe kantin rigunan fata ne, aka zaunar da mu aka ba mu shayi aka yi ta tallata mana fiye da awa ɗaya, alhali Tayatira garin Lidiya mai sayar da tufafin shunayya minti ashirin kawai muka yi. Ni da nake harkar tufafi na so in tsaya in yi tunanin matar nan, don marinar Kofar Mata ce ta faɗo min a rai. A nan kam sun yi mana wayo, na kuma rubuta musu. Sai masu son hoto, wasu ko sallama babu sai ka ga an ɗaga waya saitin atamfar zumunta da Mama ta ɗaura. Abinci kuwa kullum da safe burodi da zaitun da cuku da tumatir da kokwamba, kwana na biyu Mama ta ce ita fa wannan ba karin kumallo ba ne, da ba don yajin ƙuli da dambun naman da ta taho da su ba da ta sha wuya. Ni ma ƙamshin yajin nan da ta buɗe a tebur sai da ya sa na tuna kokon ƙofar gidanmu da ƙosai mai zafi, na kasa cinye abincina.

Birgamas a wata 'yar mota mai rataye a waya aka hau da mu kan dutsen, Sardisu da Filadelfiya mun ɗan leƙa, sai Lawudikiya kusa da Denizli. Daga nan kana hango farin dutsen Famukkale inda ruwan zafi ke ɓuɓɓugowa, jagorar ta ce shi ya sa masana da yawa ke ganin mutanen Lawudikiya sun gane sarai da aka ce musu a Wahayin Yahaya ba su da zafi ba su da sanyi. Akwai tsohuwar majami'a da aka tono a wurin, ta ƙarni na 4, an yi mata rumfa babba don ruwa da rana, an shimfiɗa gilashi kana tafiya kana ganin adon daɓen a ƙarƙashin ƙafarka, ga wurin baftisma yana nan. Ƙasar da kusan kowa Musulmi ne ke kashe kuɗi haka a kan kufan majami'a. Mu fa? Majami'ar ƙasa ta ƙauyenmu da kakanninmu suka kwaɓa da ƙafafunsu, inda aka yi wa Mama baftisma aka ɗaura aurenta, da hannunmu muka rushe ta muka zuba bulo da tayil, ko ƙyauren ba wanda ya ajiye. Mama ce ta tuna min, tana tsaye a kan gilashin nan ta ce, "Tamu ma da an bar ko bango ɗaya."

Ranar ƙarshe aka zagaya da ambulan a fili don direba da jagora, wannan ma yana rubuce a takardar, wanda ya ga dama ya sa. Na sa nawa har da lirorin ranar farko, da na ware su a aljihu daban ban iya kashewa ba. Mama kuma ta ƙulle sauran dambun a leda ta ba shi da hannu biyu, wannan kam ya karɓa, ya sumbaci hannunta ya ɗora a goshinsa yadda suke yi wa iyaye.

Takardar shafi biyun nan Mama ta ninke ta sa a cikin Littafinta, ta ce za ta nuna wa matan zumunta kafin tafiyar taronsu na bana. Ni kuma roƙona ga 'yan garinmu, duk wanda yake da hoton tsohuwar majami'ar nan, ko na biki ne da ta fito a baya, dan Allah ya turo min, Mama na so in wanke mata babba.