Rediyon da na saya a Maigatari saboda 'yan aji uku

Ranar wata Alhamis na je kasuwar Maigatari rakiyar ƙanena da zai sayar da tunkiya, na dawo da rediyo. Irin ƙananan nan ne masu sola a baya da tocila a gefe, da gurbin saka mimori. Shekara guda ke nan ina aiki da shi.

Abin da ya sa na saye shi tun 2020 yake cina. Da aka rufe makarantu a watan Maris saboda korona, yaranmu sun fi wata shida a gida. An riƙa sa darussa a gidajen rediyo, amma lokacin da ake sakawa yaro yana gona ko ya tafi ɗebo ruwa, in ya wuce kuwa ya wuce. Da aka dawo, 'yan ajina da na bari suna haɗa baƙi da wasali sai da muka koma ba, bi, bu. Da mashaƙo ya ɓarke a Kano a 2023, ga sanƙarau da ke leƙo mu lokacin zafi, na ce ba za a sake rutsa ni hannu rabbana ba.

Mimorin nan shi ne dukiyar. Da daddare in gari ya yi shiru nake ɗaukar muryata a waya, darasi ɗaya minti goma, karatu ko lissafi. Ina barin sarari bayan kowace tambaya don yaro ya amsa, kamar ina gabansa. Da farko na sha wuya: wayata tana ajiye murya a wani tsari da rediyon ba ya karantawa, shi MP3 kawai ya sani. Yaron da ke shagon cajin waya ya juya min su, shi ya kuma koya min in sa lamba a gaban sunan kowane darasi, 01, 02, don kada su cakuɗe.

A dogon hutu na gwada. Na raba yaran unguwarmu gida-gida, rediyon ya kwana biyu nan, a goge shi da tsumma da ruwan sabulu, ya wuce gaba. Haka zan yi in cuta ta zo, tunda tara yara a zaure ɗaya shi ne abin da ake gudu. Wani abin da ban yi tsammani ba: ni namiji ne, iyakata ƙofar gida, amma rediyon har tsakar gida yake shiga. Wata uwa ta aiko 'yarta ta ce, "A gaya wa Malam ya rage sauri, mu ma muna bi."

Aibinsa fa? Solar bayan nan kusan ado ce. Mai shagon ya rantse min wuni ɗaya a rana ya isa. Na shanya shi tun hantsi har la'asar, bai kai mu ƙarshen darasi na uku ba. Gara a kai shi caji. Eriyar ta karye a wata na biyu, ban damu ba tunda ba tasha nake nema ba, hasali ma ta raba ni da masu gida da ke karɓe shi su ji labarai. In an ƙure murya lasifikar tana karkarwa, "sa" da "tsa" su zama ɗaya, wannan kuwa matsala ce ga mai koyon baƙaƙe. A bar muryar a tsakiya.

Malamin da zai saya ya tafi da mimorinsa kasuwa ya gwada a gaban mai shago, ya kuma duba ko batirin na cirewa ne, don a samu na canji. Darasi talatin da biyu na tara zuwa yanzu. Hedimastanmu ya ce in kwafa wa malamar aji biyu, ita kuma ta ce muryarta za ta ɗauka, tawa ta cika kaushi.