Clomid ko Letrozole: Illolin da Ya Kamata a Auna Kafin Sayen Maganin Sakin Ƙwai

Ƙwayoyi biyu ne likitocin mata suka fi rubuta wa macen da ba ta sakin ƙwan haihuwa a kan lokaci, wato clomiphene, wanda aka fi sani da Clomid, da letrozole, wanda ake sayarwa da sunan Femara. Dukansu ana shan su kwana 5 a farkon wata, ana farawa tsakanin rana ta 2 zuwa ta 5 da zuwan jinin al'ada, amma hanyar aikinsu da illolinsu sun bambanta.

Clomiphene shi ne tsohon hannu, domin tun 1967 aka amince da shi a Amurka, kuma ya fi sauƙin samu a kemis. Ana farawa da miligiram 50 a rana. Yana sa ƙwaƙwalwa ta zaci sinadarin istirojin, wato sinadarin mata da ma'ajiyar ƙwai ke fitarwa, ya yi ƙaranci a jiki, sai ta ƙara tura saƙon da ke nunar da ƙwai. Daga nan yawancin illolinsa suke fitowa: zafi ya taso wa mace daga ƙirji zuwa fuska ta jiƙe da zufa ko da a cikin sanyin hunturu, ga ciwon kai, kumburin ciki, ciwon nono da saurin fushi, wanda ya kamata maigida ya san da zuwansa tun kafin a fara shan maganin. Akwai kuma illar da mace ba ta ji a jikinta, ita ce a wasu matan yana sa shimfiɗar cikin mahaifa ta yi siriri, ya kuma rage ruwan nan mai yauƙi da ke taimaka wa maniyyi wucewa, har a saki ƙwan amma cikin bai zauna ba. Wadda ta fara gani dishi-dishi, ko tana ganin walƙiya ko ɗigo-ɗigo a idonta, ta dakatar da shi a ranar ta koma wurin likita. Mai ciwon hanta da mai zubar jinin da ba a gano dalilinsa ba, ba a ba su shi.

Letrozole asalinsa maganin sankarar mama ne, daga baya aka gano yana sa sakin ƙwai. Ana farawa da miligiram 2.5, kuma yana barin jiki da wuri fiye da clomiphene, wanda ragowarsa kan yi makonni a jini. Illolinsa sun fi karkata ga kasala, jiri, ciwon kai da ciwon gaɓoɓi. A wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2014 a kan mata 750 masu lalurar PCOS, wadda ke jawo tsallaken al'ada da fitowar gashi a haɓa, kashi 27.5 cikin 100 na masu shan letrozole sun haihu, yayin da masu shan clomiphene suka tsaya a kashi 19.1. A 2005 an tayar da fargabar cewa yana iya jawo nakasa ga jarirai, amma binciken da ya biyo baya bai tabbatar da hakan ba. Ga mai PCOS, musamman mai ƙiba, a ganina letrozole ne ya kamata ta fara tambayar likitanta a kai.

Batun tagwaye na buƙatar magana ta musamman, domin akwai matan da ke sayen Clomid da kansu don neman 'yan biyu, alhali lafiyarsu ƙalau. Gaskiya ne kusan kashi 7 zuwa 10 cikin 100 na cikin da aka samu da clomiphene tagwaye ne, kuma adadin bai kai haka ba ga masu shan letrozole. Sai dai cikin tagwaye yana ƙara haɗarin hawan jini, jijjiga, haihuwar bakwaini da zubar jini bayan haihuwa, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga matar da asibitin da ke da ɗakin tiyata ya yi mata nisa.

Metformin, maganin ciwon sukari, akan haɗa shi da ɗayan biyun ga wasu masu PCOS. Shi kaɗai ƙarfinsa bai kai na clomiphene ba, kuma yakan sa tashin zuciya da gudawa, shi ya sa ake shan sa tare da abinci.

Sayen kowane daga cikinsu ba tare da gwaji ba cinikin biri a sama ne. Idan bututun mahaifa a toshe yake, ko matsalar daga maniyyin miji take, babu ƙwayar da za ta yi amfani, don haka a gwada ma'auratan duka biyu tukuna. A sayi maganin da takardar likita, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a jikin kwalin, a kuma yi hoton ciki a watan farko don a ga ƙwai nawa suka nuna. Ba a so a wuce wata 6 ana shan clomiphene. Idan ciki ya kumbura sosai da ciwo mai tsanani, ga amai, ƙarancin fitsari ko wahalar numfashi, alama ce ta cewa ma'ajiyar ƙwan ta kumbura fiye da kima, kuma asibiti ake zuwa a wannan lokacin ko da tsakar dare ne.